Kifin Nasani Mai Goyo a Baki

Nasani mai gyaran agogo ne, kuma ba iyayensa ne suka sa masa wannan suna ba. Mutane ne suka laƙaba masa, don duk maganar da ka ɗauko, kafin ka kai tsakiyarta zai ɗaga hannu ya ce, "Na sani." Ko hanya ya tambaya, kana fara kwatanta masa zai ce ya sani, ya wuce, ya ɓata.

Wata Talata aka kira shi gyaran agogon bango a wani shagon sayar da kifin ado. Ya gyara agogon, amma ya kasa fita. Idonsa ya maƙale a kan wasu 'yan kifaye biyu da ba su kai tsawon ɗan yatsa ba. Namijin yana ƙyalli da shuɗi da ruwan gwal, macen kuwa fara-fara ce, ba ta da wani ado.

"Waɗannan ƙannen karfasa ne, sai dai ba sa girma," in ji mai kifin, wani dattijo mai magana a hankali. "Suna da saurin haihuwa."

"Nawa suke haifa?"

"Goma sha, ashirin, wani lokaci fiye. Amma akwai abin da ya kamata ka ji. Ita macen, idan ta yi ƙwai, a bakinta take..."

"Na sani," in ji Nasani. "Baba, ni da nake buɗe cikin agogo mai ƙusa ɗari, kifi ne zai gagare ni?"

Ya sayi kifayen biyu da tankin gilashi. Kafin ya iso gida da tankin a ka, ya gama lissafinsa. Biyu za su haifi ashirin, ashirin su haifi ɗari biyu, nan da shekara ya rufe teburin agogo ya buɗe kamfani. A hawa na huɗu yake zaune a wani dogon bene mai iyalai da yawa, kuma babu hawan da bai tsaya ya yi wa mutane bayani ba.

A hawa na ɗaya ya sami Direba, mai tasi, yana goge takalmi a bakin ƙofa.

"Direba, ka fara neman babbar mota. Nan gaba kai za ka riƙa kai mini kaya."

Direba ya leƙa ledar da ke hannunsa. "Kayan ke nan? Ai waɗannan ko a aljihun riga zan kai maka su."

A hawa na biyu akwai Nas, wata tsohuwar ma'aikaciyar asibiti da ta yi ritaya, wadda ba ta raga wa kowa. Ta dube shi ta saman tabarau ta ce, "Ka dai yi hankali da bayanka. Ba ni da sauran man zafi."

Matarsa ta buɗe masa ƙofa, ta dubi tankin, ta dubi teburin da take guga a kai, ta gane inda aka dosa.

"Maigida, a ina zan riƙa guga?"

"Matar mai kamfani ba ta guga."

"To kafin a buɗe kamfanin fa?"

Ya ɗora tankin a kan teburin. Ya zuba yashi, ya jera duwatsu, ya dasa ciyawar ruwa, ya kunna famfon iska, ya saki kifayen. Ya cika jarka guda da ruwa ya ajiye a kusurwa, don wannan kaɗai ya bari mai kifin ya ƙarasa faɗa masa: ruwan famfo sai ya kwana kafin a ba kifi.

Kwana uku da zuwansu namijin ya fara haƙa rami a yashi. Yana ɗibar yashin da baki yana tofarwa gefe. Nasani ya ɗauko gilashin ido ɗaya da yake duba agogo da shi, ya manna a ido, ya yi nazari.

"Hanyar gudu yake nema," ya ce.

Ya sa cokali ya cike ramin. Kifin ya sake haƙawa. Ya sake cikewa. Haka suka yi ta yi har kwana biyu, mutum da kifi, kowa ya ƙi saki. Ranar da ya tafi aiki ya daɗe, ya dawo ya tarar rami ya kammala, namijin yana rawa a kansa, macen kuwa ta koma bayan dutse ta yi tsit.

Daga ranar ta daina cin abinci. Ya watsa mata garin abincin kifi, ta kau da kai. Haɓarta ta kumbura, bakinta a rufe gam, sai dai ta riƙa motsa shi kamar mai tauna.

"Ciwon haƙori ne," in ji Nasani.

Matarsa tana guga a ƙasa kan bargo. Ta ce, "Ni dai ɗazu da ta juyo, kamar na ga wasu 'yan ƙwallaye a cikin..."

"Ke dai yi gugarki. Wannan aikin masana ne."

Ya sauka ya kira Nas. Ta hawo tana haki, ta tsaya gaban tankin.

"Hajiya Nas, dubi kumburin nan. Haƙori ne ko hangum?"

"Shekara talatin ina aiki, ba a taɓa kawo mini kifi a gadon asibiti ba."

"Ai jiki duk jiki ne. In da za ki ɗan auna zafinta."

"A ina zan sa ma'aunin? A hammata?"

"To ki rubuta mata magani."

"Zan rubuta. Kai ne za ka sha, safe da yamma."

Da Nas ta ƙi ba da haɗin kai, Nasani ya kama jinya da kansa. Ya ce kewa ce ke damunta, ya jingina madubi a jikin gilashin don ta ga 'yar uwa. Namijin ya hango wani namiji a ciki, ya wuni yana dukan gilashi da baki har ya jigata. Nasani ya ce to shiru ne ya yi mata yawa, ya ajiye rediyo a kan murfin tankin, rediyon ya zame ya kusa faɗawa ruwa, da ƙyar matarsa ta cafke shi. Ya ɗauko hantsakin agogo ya kamo ɗan guntun abinci ya bi ta da shi lungu-lungu yana cewa, "Haa. Ce haa." Kifin ta shige ƙarƙashin dutse, hannun rigarsa ya jiƙe har kafaɗa.

Direba kuwa kullum da safe sai ya tare shi a matakala.

"Ranka ya daɗe, ya mai jiki? Yaushe zan kawo babbar motar?"

"Kifi mai daraja ba ya gaggawa."

"Haka ne. Na ji ma ta shiga yajin cin abinci. Ko albashi take nema?"

Ranar kwana na goma sha biyu, da safe, Nasani ya fito yana goge fuska da tawul, ya tsaya cak. Gaban dutsen cike yake da wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa masu ido, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa ba, suna yawo kewaye da uwarsu. Ya jefar da tawul, ya sauka benen da takalmi wari ɗaya yana buga ƙofofi.

"Ku fito ku ga kamfani. An haihu."

Mutane suka biyo shi, Direba a gaba, Nas a baya, da wasu maƙwabta biyar-shida, ana ta dirin ƙafafu har gilashin tankin na rawa. Suka cika ɗakin, suka sunkuya. Yashi, duwatsu, ciyawa, kifi biyu. Babu ko ɗa ɗaya.

"Ina suke?" in ji Nas.

"Yanzu suke nan. Sun kai hamsin."

Direba ya zare gilashin ido ɗayan daga aljihun Nasani, ya hura masa iska, ya goge da gefen riga, ya mayar masa. "Ƙura ce. Ni ma in gilashin motata ya yi datti, fasinja nake gani a inda babu kowa."

Washegari abin ya sake faruwa. Ya ga 'ya'yan, ya ruga, ya kira mutane, suka zo, babu komai. Wannan karon mutum uku kawai suka hawo, kuma Nas ta kama hannunsa ta ƙirga bugun jininsa ba tare da ya roƙa ba.

"Maigida," in ji matarsa bayan sun fita, "in ka zauna shiru na minti biyar a gabansu, za ka ga inda suke zuwa."

"Na riga na yi wannan tunanin tun jiya."

Ya ja kujera bayan labule, ya leƙo da ido ɗaya. Shiru ba sana'arsa ba ce, amma ya daure. Can sai ga 'ya'yan suna yawo a gaban dutse, bai ma ga ta inda suka fito ba. Ƙurar labulen ta shiga masa hanci. Ya yi atishawa mai ƙarfi. Nan take uwar ta sunkuyar da kai ta buɗe baki, 'ya'yan suka ruga ciki ɗaya bayan ɗaya, ta rufe.

Nasani ya fito daga bayan labulen.

"Ta cinye su. A gabana. Kwana goma sha biyu ina jinyar mai cin 'ya'yanta."

"To jiya ma ai ta cinye su, yau kuma ga su."

"Wasu ne daban. Haifa take tana ci, haifa tana ci. Shi ya sa take ƙin abincina, ashe tana da nata."

"Maigida, ka ƙirga su mana."

Ina, ya riga ya fita. Ya bi hawa-hawa yana sanarwa cewa ranar Asabar da la'asar zai sauko da tankin tsakar gida, ya tona asirin kifin a gaban kowa, ya wanke kansa daga zargin ƙarya. Ya aika wa mai kifin cewa ya zo ya ɗauki mugun irin da ya sayar masa, ya kuma ba shi haƙuri a bainar jama'a.

Ranar Asabar tsakar gida ta cika, har da 'yan benen da ke kallon nasu. Nasani ya rage ruwan tankin zuwa rabi, shi da Direba suka sauko da shi suna nishi, suka ɗora kan wani teburin roba da ake shanya barkono a kai.

"Teburin nan ƙafarsa ɗaya..." in ji Nas.

"Na sani."

Mai kifin ya iso da 'yar ragarsa da leda, ya tsaya gefe. Nasani ya gyara tsayuwa, ya ɗora hannu kan tankin kamar mai gabatar da ƙara.

"Jama'a, an ce na yi ƙarya. An ce ƙura nake gani. Yau za ku ga wadda ta cinye mini kamfani. Baba, kai kuma ka shirya haƙurinka."

"Ɗana, da ka bari na..."

"Za ka yi magana in na gama."

Ya fizgi ragar daga hannun dattijon, ya tsoma ta, ya bi kifin. Ta zille hagu, ya bi ta, ta zille dama, ya jingina da teburin da dukan nauyinsa. Ƙafar teburin ta lanƙwashe. Tankin ya zame ya daki siminti da kusurwa ɗaya, ya tsaya a karkace, gilashin ya tsage daga ƙasa, ruwa ya fara tsiyaya. A daidai lokacin ragar ta kama uwar, ita kuma don firgita ta buɗe baki ta tofar da abin da ke ciki. 'Ya'yan suka watsu cikin sauran ruwan, kowanne da ransa, suna ninƙaya.

Mutane suka matso. Wata mata ta ce, "Ashe da gaske akwai su."

"Kun gani ko?" in ji Nasani. "Na ceto su daga cikinta."

"Ba cikinta suke ba, a bakinta take goyonsu," in ji mai kifin, yana sa manyan biyun a leda da ɗan ruwan da ya iya ɗiba. "Ruwan na ƙarewa. A kawo mazubi."

Ya gwada kamo 'ya'yan da raga, suka bi ta hudojin suka fice. Direba ya ruga ya kawo bokitinsa, ashe cike yake da kumfar sabulun wankin mota. Ruwan tankin ya koma ɗan kaɗan a kusurwa, 'ya'yan duk sun taru a wurin.

"Ku matsa," in ji Nasani. Ya ɗauko siririn tiyon da ya rage ruwa da shi. "Abu ne mai sauƙi. Ka ɗan zuƙa kaɗan, ruwa ya biyo, sai ka juye a mazubi. Ni a wannan fanni babu wanda..."

Ya sa baki ya zuƙa. Bai zuƙa kaɗan ba, don bai taɓa yin komai kaɗan ba. Sauran ruwan ya bi tiyon gaba ɗaya, tankin ya bushe ƙaf, kumatun Nasani suka cika taf. Idanunsa suka firfito. Yana jin abubuwa na yi masa cakulkuli a harshe.

Mai kifin ya matso kusa da shi.

"Kada ka haɗiye," in ji mai kifin a hankali. "Kada kuma ka tofar a ƙasa."

Nasani ya nuna ledar da manyan ke ciki.

"A'a. Namijin zai cinye su a wannan matsatsin."

Ya nuna famfon da ke bango.

"Ruwan famfo zai kashe su. Akwai ruwan da ya kwana?"

"Akwai jarka guda a sama," in ji matarsa. "Ba zan iya ɗaukarta ba. Gara shi ya hau."

Haka Nasani ya kama matakala da kumatu kamar an hura balan-balan, yana numfashi ta hanci, yana takawa a hankali. Duk jama'ar suka bi shi a baya. Mai kifin ya jera da shi, kuma tunda babu mai katse shi, ya fara daga farko.

"Namijin shi ke haƙa rami, ba a cike masa. Macen ta yi ƙwai a ciki, ta kwashe a baki. Kusan mako biyu ba ta cin komai, ba a binta da hantsaki. In 'ya'yan sun fito, duk sanda ta ji motsi sai ta mayar da su baki. Abin da take bukata kawai a bar ta ta huta. Ka gane?"

"Mmm," in ji Nasani.

"Ya ce bai sani ba," in ji Direba. "Ku shaida."

A hawa na biyu Nas ta sha gabansa, ta taɓa kumatunsa da yatsa. "Wannan kumburin, haƙori ne ko hangum? Bari in ɗauko ma'aunin zafi."

Nasani ya harare ta. Dariya ta taso masa don haushi, ya danne ta, ruwa ya ɗan fito ta hanci.

"Kada ku ba shi dariya, mai juna biyu ne," in ji Direba. "Kai, mai juna ashirin."

Da suka kai hawa na huɗu, ƙofa a kulle. Matarsa ta tsaya gabanta da mabuɗi a hannu, ba ta sa shi a kafa ba. Ta juyo ta dubi mijinta cikin ladabi.

"Maigida, tunda ga jama'a, ina da 'yar magana. In ba ka yarda ba, ka faɗa. Daga yau ni zan riƙa kula da kifin nan."

Nasani ya zaro ido.

"Ya yi shiru, ya yarda," in ji Nas.

"Teburin gugata kuma zai dawo hannuna. Sabon tanki a kan teburin agogonka za a ɗora."

"Mmm, mmm."

"Na gode. Kuma ba za ka matso kusa da su ba sai da taku uku tsakani."

Ya buga ƙafa a ƙasa, ya nuna ƙofa da hannu biyu.

"Allah ya saka da alheri," ta ce, ta buɗe.

Ta ɗauko babbar roba, Direba ya tuttula ruwan jarka, Nasani ya durƙusa ya buɗe baki. 'Ya'yan suka zubo, suka ɗan yi jim, sannan suka bazu suna ninƙaya. Mutane suka yi tafi. Nasani ya zauna dirshan a ƙasa yana haki, ya buɗe baki zai fara bayanin yadda ya tsara abin tun farko, sai ya ga matarsa tana ƙirga da yatsa.

"Sha huɗu, sha biyar, sha shida." Ta sake ƙirgawa. "Sha shida. Kullum da safe ina ƙirga su, sha bakwai ne."

Kowa ya juya ya dubi cikin Nasani. Shi ma ya sunkuya ya duba. Sai shaƙuwa ta kama shi.

"Hajiya Nas," ya ce da wata 'yar murya, "zai rayu a ciki?"

Nas ta cire tabarau ta goge, fuskarta babu alamar wasa. "Ya danganta da irin kulawar da ya samu."

Bayan an watse, matarsa ta sauka kwaso duwatsu da tiyo. Tana ɗaga tiyon ta ga ɗan ruwa ya kwanta a lanƙwasarsa, da wani ɗan abu mai ido yana motsi a ciki. Ta toshe bakin biyu da yatsu, ta hau, ta juye shi cikin robar sanda mijinta ke banɗaki yana duba harshensa a madubi. Daga taku uku babu mai iya ƙirga 'ya'yan kifi, don haka ba ta ga dalilin tayar da zancen ba.

Washegari ta kawo masa shayi. Ya tura kofin gefe ya ce sai ya huce, kada zafi ya yi wa yaron illa. Ya zauna a hankali, hannu ɗaya kan ciki.

"Ina jin motsinsa," ya ce. "Nan, ta hagu. Ai ni na san yadda..."

"To ka rage magana, maigida," ta ce, tana shimfiɗa riga kan teburin gugarta. "Ka ji abin da Baba ya ce. Hayaniya na firgita su."

Kwana tara benen nan bai ji muryar Nasani ba.